Ziyarar kabarin Baba daga Garwa zuwa Marwa: ajans, shata, ko motar gida?

Baba ya rasu a garinsu, wani ƙauye a bayan Mindif, wata Laraba da hantsi. Kafin labari ya gama zaga gidajenmu a Garwa, a arewacin Kamaru, an riga an kai shi makwancinsa, domin a ƙasar nan ba a ajiye gawa a jira na nesa, balle da zafi. Yaya ne kaɗai ya kama hanya a ranar, ya je ya zauna zaman makoki. Sauranmu sai daga baya. Cikin shekara biyu na bi hanyar nan sau uku saboda Baba: ranar sadakar arba'in a motar ajans, wato bas ɗin kamfanin sufuri, da ya cika shekara a motar shata, na ukun kuma a motar ƙanina. Shi ya sa a unguwarmu in an yi rasuwa aka fara shawarar yadda za a kwashi iyali a je a yi wa mamaci addu'a, sai a ce a tambaye ni. Na gaji da maimaitawa baki da baki, ga shi a rubuce.

Daga Garwa zuwa Marwa kilomita 210 ne ko sama da haka kaɗan, a kan babbar hanya mai lamba 1, wadda ta taso daga Yawunde ta ratsa Ngawundare ta ƙare a Kusiri. Za ka bi Pitowa, Figil, Muturwa, ka wuce filin jirgin Salak ka faɗa Marwa. Masu zuwa Kayele da Yagwa a mararrabar Magada suke rabuwa da ita. Awa huɗu ce in hanya ta yi kyau, biyar in ramuka sun yi yawa. Daga Marwa zuwa Mindif kuma wajen kilomita 25, sannan a shiga hanyar ƙauye. In naku mamacin a Gidar yake ko Kayele ko Mokolo, lambobin za su sauya, amma lissafin ɗaya ne.

Abin da za ka auna kafin ka kira kowa

Na farko kuɗi, amma ba kuɗin tikiti kaɗai ba. Ka lissafa daga ƙofar gidanku har ƙofar gidan da za a yi addu'a, da dawowa, da babur ɗin da zai kai ku tasha, da kuɗin buhu, da ruwan sha. Kuma asusun ɗaya ne: duk jakar da mota ta ci, daga rabon almajirai da maƙwabtan mamaci aka cire ta.

Na biyu juriya, ta mota da ta mutane. Motar za ta iya da ramukan kwalta, sannan ta iya da hanyar ƙasa? Su kuma mutanen, ba ƙarfin samari ake dubawa ba, gwiwar tsohuwa ake dubawa, da mai ciwon suga da ba ya awa biyu bai nemi bayan gida ba, da mai goyo.

Na uku, lokaci a hannun wa yake? Addu'ar arba'in a ƙauye da safe ake yin ta, daga bayan asuba zuwa hantsi. Malamai ba sa jiran mota.

Na huɗu haɗari: gudu, dare, takardu, da wanda ke riƙe da sitiyari.

Kafin duk wannan, a zauna a ƙirga kawuna, domin adadin mutane shi ne rabin amsar. Matar mamaci tana takaba wata huɗu da kwana goma, don haka ba da ita za a yi tafiyar arba'in ba. Innarmu sai a tafiya ta biyu ta je. A duba lokacin shekara ma. Daga Maris zuwa Mayu zafi kan haura digiri 40 a Garwa da Marwa, taya da lagireto da tsofaffi duk suna jin jiki. Daga Yuli zuwa Satumba mayo, wato rafukan yankin, kan kawo ruwa ba sallama, baƙar lakar karal kuma, wadda ake dasa masakwa a cikinta in ruwa ya janye, tana riƙe ƙaramar mota kamar danƙo. In ranar a hannunku take, daga Nuwamba zuwa Fabrairu ya fi, sai dai a kula da hazon safiya.

Duk lissafin da ke ƙasa da sefa ne. Na ɗauki kujera ɗaya Garwa zuwa Marwa a kan 4,000 don misali, kai kuma sai ka sa farashin da aka faɗa maka a tagar tikiti.

Motar ajans

Wannan ita ce wadda hankali ya fara zuwa kanta, domin kowa ya san ta. Touristique Express, Danay Express da sauransu suna bin hanyar kullum. Ka je da katin shaida, ka yanki tikiti, a ɗora kaya, ka zauna. Akwai mai sanyi da ke tashi a kan lokaci, kuɗinta ya fi, akwai kuma wadda sai ta cika.

Ta fuskar kuɗi, mutum ɗaya zuwa da dawowa 8,000. Amma ajans a Marwa take sauke ka, kabarin kuwa ba a tasha yake ba. Ka ƙara a ce 2,000 zuwa ƙauye, 2,000 dawowa, ka ƙara 1,000 na masu babur nan da can. Kai ɗaya ya tashi 13,000. Ku uku, 39,000 da ɗan kuɗin kaya. Ku takwas, 104,000, kafin a yi cinikin buhun shinkafa da jarkar mai. Ka ga arahar da ake faɗi ta 'yan kaɗan ce.

Juriyar mota ba damuwarka ba ce, kuma wannan ba ƙaramin hutu ba ne. Babbar mota tana haɗiye ramin da zai karya ƙafar ƙarama, in ta lalace kamfani ne zai san yadda zai yi, ko da za ku daɗe a gindin bishiya. A shingen jandarmomi takardun mota tsakanin direba ne da su, kai katinka kawai za ka miƙa. Sai dai ka tabbata kowane babba yana riƙe da nasa, domin mutum ɗaya mara kati yana iya tsayar da ku duka.

Inda take ba da matsala shi ne lokaci. Mu takwas muka tafi arba'in, har da Gwaggo, yayar Baba, mai ciwon gwiwa. Tun ƙarfe bakwai muna tasha, motar ba ta tashi ba sai wajen sha ɗaya. Muka isa Marwa bayan la'asar, kafin a sauke kaya a nemo buhunmu guda da ya shige ƙarƙashin na wasu, rana ta yi ja. Motar ƙauyen ta riga ta tafi. Muka kwana a gidan wata 'yar uwa a Domayo, da safe muka yi ta jiran lodi, muka shiga gari an riga an shafa fatiha, ana naɗe tabarmi. Gumba da waina da goro dai an raba, domin mutanen gida sun yi nasu, amma shinkafar da muka ɗauko don ranar sai washegari aka dafa ta. Gwaggo ba ta ce min komai ba sai da muka zauna, ta dube ni ta ce, "Kai ɗan nan, ƙanina guda, a ce addu'arsa ma ban samu ba?" Na ce, "Gwaggo, ki yi haƙuri, laifina ne." Kuma nawa ɗin ne, ba na mota ba. Wanda zai bi ajans zuwa addu'ar safe, ya tafi kwana biyu kafin ranar, ya ɗauki motar farko.

Haɗarinta kuwa, wani direban yana da gudu, kuma ba ka da bakin ce masa ya rage. Yawancinsu sukan tsaya sallah, amma inda suka ga dama da lokacin da suka ga dama. Tsohon da ke buƙatar tsayawa sau uku zai sha kunya a gaban mutum hamsin.

Shata

A nan zan daɗe, domin ita ce mutane suka fi tsoro saboda jin jimlar kuɗin, kuma ita ce aka fi cutuwa a cikinta in ba a iya ciniki ba.

Direban Hiace ba daga sama yake ɗauko farashi ba. Yana lissafa abin da zai samu da ya yi lodi ne: a ce kujera 15, sau 4,000, zuwa da dawowa, 120,000 ke nan. Daga nan ciniki yake farawa. Shi zai ce maka akwai shiga ƙauye da kwana, kai kuma ka tuna masa cewa yau babu jiran lodi, babu rabon 'yan kamasho, kuma mutum takwas ba su kai nauyin sha biyar da kayansu ba. Ka san kuɗin mai kafin ka buɗe baki. A farashin da gwamnati ta sa a Fabrairun 2024, litar esans, wato fetur, 840 ce, gazuwal, wato dizal, 828. Tafiyar duka, da zirga-zirgar cikin gari da ƙauye, ta kusa kilomita 500. Motar da ke shan lita 12 a kilomita 100 za ta sha lita 60, wajen 50,000. Abin da ya hau kan haka shi ne ladan direba da rabon mai mota. In kun ƙare tsakanin 130,000 da 140,000, komai a ciki, ba a cuce ka ba, kai ma ba ka cuci kowa ba.

To ka kwatanta da 110,000 ɗin ajans na mutum takwas, har da kuɗin kaya. Ratar ba ta wuce jaka ashirin zuwa talatin ba, in kuma kun haura goma, shata ta ma fi araha. Ku uku kuwa, Hiace ɓarna ce. Ƙaramar mota irin su Carina za ta tsaya wajen rabin wancan kuɗi, duk da haka ta fi ajans tsada.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Kwana uku kafin ranar ka je ka ga motar da idonka, kada ka yarda da hoto a waya. Ka duƙa ka duba tayoyi huɗun, ka ce a fito da safaya, ka ga jak. Ka ce a nuna maka kart giris (takardar rajistar mota), asirans (inshora) da takardar bizit (ta duba lafiyar mota), ka karanta ranar ƙarewarsu da kanka. Sannan a gaban shaida, zai fi kyau wanda ya haɗa ku, a yanke waɗannan: mai a kan wa, peyaj, wato kuɗin bin hanya, a kan wa (500 ne kowane shinge), ina direba zai kwana kuma wa zai ciyar da shi, motar za ta shiga har ƙauye ko a Marwa za ta tsaya, ƙarfe nawa za a juyo. Ka ba da rabi kafin alƙalami, rabi sai an sauke ku a ƙofar gida. Kuma ka faɗa da baki cewa ba a ɗaukar fasinja a hanya. Mu mun manta wannan. Muna fita Figil, inda farar ƙurar siminti ke kwance a kan ganye, direba ya taka birki ya waiwayo wajen Kawu.

"Alhaji, mutum biyu ne kawai, Muturwa za su sauka."

Kawu ya ce, "Ɗana, yau motar nan ta gidan rasuwa ce. Ga uwarka nan a baya, bara ta fita takaba. In kuɗin mutum biyun ne, zan ba ka."

Yaron ya ji kunya ya ja mota, kuma bai karɓi kuɗin ba. Amma da wani ne, da an yi cacar baki a gaban Inna.

Abin da kuɗin shata ya saya mana ba ya shiga jadawali. Mun tashi bayan sallar asuba daga ƙofar gida, ba a ɗora tsohuwa a babur ba. Mun tsaya sau huɗu, babu wanda ya yi tsaki. Akwai wata rumfar mai shayi a bakin hanya inda Baba ya saba tsayawa da mu in za mu gida da sallah, Inna ta ce a tsaya, ba ta sauka ba, ba ta sha komai ba, ta dai duba wurin na ɗan lokaci ta ce mu tafi. Kafin azahar muna ƙauye. Da la'asar mu maza muka shiga maƙabarta, muka yi sallama ga mutanen cikinta, muka tsaya a kan Baba muka yi abin da ya sawwaƙa. Inna da sauran mata, bisa al'adar garin, suka tsaya can nesa a inuwar dalbejiya inda ake hango wurin. Da safe aka yi saukar Alƙur'ani muna zaune tun daga Baƙara.

Haɗarin shata a direba yake. Wanda ya kwana yana hanya jiya, yau gyangyaɗi zai yi muku, don haka ka tambaya a tasha ina ya kwana. Kuma in mota ta lalace babu kamfanin da zai turo wata, sai abin da mai motar ya iya. Shi ya sa direban da wani naka ya sani ya fi wanda ya rage maka jaka goma. Amfaninta kuma, kai ka biya, kana da bakin cewa a rage gudu.

Motar gida

A takarda babu wadda ta kai ta araha. Ƙaramar mota mai shan lita 8 a kilomita 100 za ta sha lita 40 a tafiyar, 33,600. Ka sa 3,000 na peyaj da ɗan canji. Amma motar da ta saba daga unguwar Hausare zuwa babbar kasuwa, ba ta taɓa yin awa huɗu a jere ba, sai ta ga makanike: baƙin mai, birki, ruwan lagireto, wataƙila taya ɗaya. A ce 20,000 in Allah ya rufa asiri. Jimla wajen 57,000, mutum biyar. Kai ɗaya 11,000 da ɗoriya, kusan daidai da ajans, ga 'yancin tsayawa inda kake so. Sai dai mutum biyar ne, biyar ɗin ma in an cika but da buhu, motar za ta zauna, cikinta ya riƙa gugar ƙasa da zarar an bar kwalta.

Mutane da yawa suna rage kuɗin da zuwa-zuwa, man Najeriya da ake sayarwa a kwalba da jarka a bakin titi. Da can ratar tana da faɗi sosai. Tun da Najeriya ta cire tallafin mai a Mayun 2023 ratar ta ragu, haɗarin gauraye kuwa yana nan. A cikin gari in mota ta fara shaƙewa ka tura ta gareji. A tsakanin Figil da Muturwa da tsakar rana, da yara a baya, wa za ka kira? Ni dai shawarata ka cika tanki a gidan mai kafin ka fita Garwa, ka sake cikawa a Marwa.

Takardu kuma yanzu naka ne. Kowane shinge, na jandarma ko na 'yan sanda, kai za ka sauke gilashi. Lasisi, kart giris, asirans, bizit, in ɗaya ya mutu jiya, yau za ka san ya mutu. In motar aro ce abin ya ƙaru, domin sunan da ke kan takarda ba naka ba ne, kuma duk abin da ya karye sai ka dawo ka fuskanci mai ita. Zanen aro ba ya rufe katara.

Amma ba wannan ne babban abin da nake ji wa motar gida ba. Tafiya ta uku mu huɗu ne, ni da ƙanina da matarsa da ɗansu, a watan Afrilu. Shi ya tuƙa zuwa, ni zan tuƙa dawowa. Mun tsaya a kan kabarin da safe, damina biyu sun kwantar da ƙasar har sai da wani dattijo ya nuna mana daidai wurin. Na ɗauka na daɗe da hucewa. Muna hanya, bayan Muturwa, idona yana kan kwalta amma hankalina yana can, na faɗa wani rami da ko makaho zai kauce masa. Tayar gaba ta fashe, motar ta ja gefe, Allah ya sa babu babbar mota a bayanmu. Muka sa safaya, ashe ita ma iskarta rabi ce, muka yi ta rarrafe har wajen mai faci. Ƙanina ya karɓi makulli ya ce, "Yaya, koma baya ka huta." Ban yi musu ba. Wanda ya fito daga kan kabarin ubansa bai kamata ya riƙe sitiyari a ranar ba. In za ku tafi da motar gida, ku ɗauki wanda rasuwar ba ta taɓa shi kai tsaye ba, suruki ko aboki, ko ku biya direba na kwana biyu. Kujera ɗaya za ta tafi, amma ta cancanta.

Masu yin kudu zuwa Ngawundare, ku ƙara birki a kan duk abin da na faɗa, saboda hawa da gangaren dutsen Mbe.

A tura wakilai, kuɗin motar ya koma sadaka

Wannan ma zaɓi ne, kuma ba na marowata ba ne. Mutum biyu a ajans 26,000. In asusun iyali 140,000 ne, sama da 110,000 ya rage. A tura ta Orange Money ko MoMo ga wani amintacce a can ya sayi hatsi a kasuwar yankin, ba sai an yi dakon buhu daga Garwa ba, ko a sa a gyaran rijiyar unguwa, ko tabarmin masallacin da mamacin yake sallah. Hadisin da Muslim ya ruwaito sananne ne: in mutum ya mutu aikinsa ya yanke sai abu uku, sadaka mai gudana, ilimin da ake amfana da shi, da ɗa nagari mai yi masa addu'a. Babu inda aka ce sai a bakin kabari addu'ar take isa. A gidajen da kan 'yan uwa ya rabu game da taron arba'in, wasu suna yi wasu malamansu sun hana, wannan hanya takan kashe gardama, domin ziyarar kabari da sadaka ba su da rana, kowa ya yarda da su.

Nakasunta a zumunci yake. Tsofaffin ƙauye suna ƙirga wanda ya zo, kuma ba sa mantawa. Zuwa da kai ya fi aike. Sannan akwai wanda zuciyarsa ba za ta kwanta ba sai ya ga tudun ƙasar da idonsa, musamman wanda bai samu jana'iza ba. Irin wannan kada a ce masa ya zauna don a rage kuɗi.

| | Ajans | Shata | Motar gida | Wakilai biyu |
|---|---|---|---|---|
| Kuɗin mutum 3 | wajen 42,000 | wajen 65,000 (ƙarama) | wajen 57,000 | 26,000 |
| Kuɗin mutum 8 | wajen 110,000 | 130,000 zuwa 140,000 | ba ta ɗauka, sai mota biyu | 26,000 |
| Juriyar mota | mai kyau, a kan kwalta kawai | gwargwadon abin da ka duba | gwargwadon kulawar da take samu | kamar ajans |
| Jikin tsofaffi | wahala | sauƙi sosai | sauƙi, amma matsi | ba sa tafiya |
| Lokaci | a hannun tasha | a hannunku | a hannunku | babu matsi |
| Kai wa ƙauye | sai an sake mota | har ƙofa, in an yi sharaɗi | har ƙofa da rani | sai an sake mota |
| Babban haɗari | gudu, makara | direba mai gajiya | lalacewa, direba mai baƙin ciki | ƙorafin dangi |

Kowacce ka zaɓa, kada magariba ta same ku a hanya. Ramuka, manyan motoci marasa fitilar baya, shanu masu tsallake titi, ga tsoron zargina, 'yan fashin hanya, a wasu yankunan. Ku kwana ku juyo da safe. Tafiyar ta wuce zangon ƙasaru nesa ba kusa ba, tunda a Malikiyya mil 48 ne, kilomita 80 da 'yan kai, don haka sallar hanya ba za ta cinye muku lokaci ba.

Wace ce taka

In ku biyu ne ko uku, duk masu ƙarfi, kuma kabarin yana cikin Marwa ko wani gari a bakin kwalta, ku hau ajans, motar farko, kwana biyu kafin ranar addu'a. Abin da ya rage ku sayi goro da dabino a can.

In kun kai bakwai ko takwas, ko da tsohuwa a cikinku, ko mai jego, ko ƙauyen yana nesa da kwalta, ku yi shata. Ratar kuɗin ƙarama ce, kuma a raba ta a kan 'ya'ya maza masu samu, kada a bar wa babban wa shi kaɗai.

In ku huɗu ne, motarku ta saba doguwar hanya, takardunta suna raye, lokacin rani ne, kuma kuna da direban da ba ɗan mamacin ba, motar gida ta yi. In ɗaya daga cikin waɗannan ya ɓace, ku koma ɗaya daga cikin biyun farko.

In damina ta yi nisa, ko aljihu ya yi sanyi bayan kuɗin asibiti da na makoki, ku tura mutum biyu, ku yi sadakar, ku ɗaga tafiyar iyali zuwa bayan kaka.

In kuwa naku yana arewa da Mora, wajen Waza ko Kusiri, ko sai kun haye gadar Ngeli zuwa Njamena, maganar ta sauya. Tun 2014 da rikicin Boko Haram ya shigo yankin, hanyar nan ba ta shiga da ka ba ce. Ku kira mutanen can ku ji halin da ake ciki a makon, ku rage yawan masu tafiya, ku bar yara a gida, ku bi motar haya ta direbobin da ke bin ta kullum, ba motar gida ba.

Mu dai bana Inna ta ce tana son komawa in an gama girbi. Mu tara ne har da Gwaggo. Na riga na kira yaron nan mai Hiace, mun tsayar da Asabar ta biyu a Disamba, kuma Kawu ya aiko cewa kujerar gaba tasa ce.